Ko ka sani? Ƙudan zuma da tabon man takalmi

Ko ka san tabon man takalmin da ya ƙi fita daga gindin farin wandonka yana da nasaba da amyar da ake ratayawa a ɗorawa a gonakin Danja?

Ginshiƙin man takalmi kaki ne, kuma tun farko da kakin zuma ake haɗa shi. Ƙudan ba daga fure yake kwaso kakin nan ba. A jikinsa yake tsattsafowa. Ƙananan ma'aikata, masu kwana 12 zuwa 18 da fitowa daga saƙa, suna da kafofi takwas a ƙarƙashin cikinsu. Nan kakin ke fitowa falle-falle, fari fat, ƙanana ƙwarai. Su ciro shi da ƙafa, su tattauna shi a baki har ya yi laushi, sannan su gina saƙa. Kafin a samu kilo ɗaya na kaki, sai sun cinye zuma kilo shida zuwa takwas. Shi ya sa nake jin takaici in na ga mai ɗiban zuma ya matse saƙa ya watsar a juji, alhali dukiya ce.

Ruwa ba ya ratsa kakin nan, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 62 yake narkewa. Kamfanoni irin su Kiwi, wanda aka fara a Melbourne ta Ostareliya a 1906, kan yi amfani da kakin ganyen wata giginya ta Barazil da ya fi shi tauri, su ƙara rini. To audugar wandon kuwa, ko ta Funtuwa ko ta Malumfashi, zarenta mashayi ne. Rinin ya shige, kakin ya rufe bakin. Ka yi ta cuɗawa da omo, ba abin da zai motsa.

Kada ka murza, balle yadi mai shara-shara irin boyel. Kankare na saman da gefen cokali. Shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙarƙashin tabon, ka jiƙa wani da kananzir, nesa da wuta, kana dangwalawa daga gefen tabon zuwa tsakiya, kana matsar da na ƙasan in ya ɗauki baƙi. Daga nan sai sabulu da ruwan ɗumi. Kada dutsen guga ya hau wurin sai tabon ya ɓace sarai, domin zafi na zaunar da rinin a cikin zare.