Ore ko Bonny: A Ina Aka Yanke Makomar Nijeriya a 1967?

Duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙin basasar Nijeriya, sai muhawara ta karkata zuwa garin Ore. Ranar 9 ga Agusta, 1967, dakarun Biyafara a ƙarƙashin Victor Banjo suka tsallaka Kogin Kwara ta Asaba, suka kama Benin a rana guda. Maimakon ya zarce, sai Banjo ya shafe kwanaki a can ana ja-in-ja da Ojukwu kan wanda zai mulki yankin. Kafin ya isa Ore, gwamnatin Gowon ta farga, aka tare shi, sannan runduna ta biyu ta Murtala Muhammed ta ƙwato Benin a watan Satumba.

Da yawa na ganin cewa da Banjo bai yi jinkiri ba, da Legas ta faɗi. Ni kuwa ina ganin ko da ya shiga Legas, riƙe ta wani aiki ne dabam. Rundunarsa ƙarama ce, makamanta kaɗan, hanyar kai mata kayan aiki ta yi tsawo, kuma babu tabbacin Yarabawa za su mara masa baya, tunda Awolowo ya riga ya shiga gwamnatin Gowon. Kaduna da sojojinta na nan daram. Abin da zai biyo baya shi ne ƙasa ta dare gida uku ko huɗu.

A ganina, a tsibirin Bonny aka yi babban yanke hukunci. A ƙarshen Yuli, Benjamin Adekunle ya kama shi ta teku, tashar fitar da man fetur ta koma hannun tarayya. Da Biyafara ta riƙe Bonny, da kuɗin mai da hanyar teku sun zauna a hannunta, da kuma Birtaniya ta daɗe tana auna ɓangaren da za ta bi.

Tun kafin wannan ma, ranar 27 ga Mayu, Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ya ba ƙananan ƙabilun Gabas jihohin Ribas da Kudu maso Gabas. Da yawansu suka ga makomarsu ta fi tabbas a cikin tarayya, kuma a ƙasarsu mai da teku suke.

Wannan ne ya kamata masu kiran ɓallewa a yau, daga kowane ɓangare, su tsaya su nazarta. Kowane yanki na da nasa tsirarun, kuma duk wanda ya zana taswira bai shawarce su ba, da wuya ya riƙe ta.