FUREN DA AKA RINA: ADO NE KO YAUDARA?

A ƙasashen Turai da Amurka, mutane suna shuka furanni cikin ƴan tukwane, su ajiye a ɗaki don ado. A manyan kantuna ake sayar da su. Waɗansu ƴan kasuwa suna sa wa tsirran launin da ba nasu ba, don su ja idon mai saye. Wannan abu ya raba kan mutane.

YAYA AKE YIN SHI?

1. Allura. Akwai wani farin fure da ake kira orkide. Ana huda karansa, a ɗura masa ruwan rini. Ruwan ya hau sama, fure ya koma shuɗi kamar zanen da ya fito daga marina. A shekarar 2011 wani kamfani ya fito da irin wannan fure a kasuwannin Amurka. Amma in furen ya kaɗe, sabon da zai fito fari ne fat. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

2. Fenti. Ana fesa wa ganyen tsiro fenti ja, ko shuɗi, ko mai ruwan zinariya.

3. Liƙi. Kaktus tsiro ne mai ƙaya, ya yi kama da ƙerana. Ana liƙa masa busasshen furen wata ciyawa da gam. Mai saye ya zaci furensa ne.

4. Aure. Akwai wani ƙaramin kaktus ja ko rawaya. Shi launinsa na gaskiya ne, amma ba shi da kore ko kaɗan. Sai a ɗora shi bisa wani kaktus kore, kamar yadda ake auren mangwaro. Na ƙasa ke ciyar da na bisa. Koriya ta Kudu ce ta fi sayar da shi a duniya. Ƴan shekaru kaɗan yake yi ya mutu.

INA ILLAR FENTI?

Koren ganye shi ne madafar tsiro. Da shi yake haɗa hasken rana da ruwa da iska, ya yi abincinsa. Kuma ganye yana da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake numfashi. Fenti yana tare haske, yana toshe ƙofofin. Sai tsiro ya raunana, wani lokaci ya mutu.

ME MUTANE KE CEWA?

Waɗansu sun ce ba laifi. Ado ne na ƴan kwanaki, kamar lalle a hannun amarya. Yara suna son shi, har yakan sa su fara sha'awar shuka.

Waɗansu sun ce yaudara ce. Mutum ya ba da kuɗinsa don shuɗin fure, ya tashi da fari. In tsiro ya mutu, sai ya ɗora wa kansa laifi, ya ce bai iya reno ba.

Akwai masu tsaka-tsaki. Su sun ce a rina, amma a faɗa wa mai saye gaskiya, a rubuta a jikin tukunya.

DARASI GA MAI SAYEN DASHE

Duk mai sayen dashe, ko na fure, ko na mangwaro, ko na lemo, kada kyan ido ya ruɗe shi. Ya duba ganye, ya ga kore ne shar. Ya duba saiwa da mahaɗin aure. Ya tambayi mai sayarwa sunan irin. In yana shakka, ya nemi malamin gona.