Ɗan Arewa Zai Iya Rawar Dawakin Turai?

Tozai na cikin ƙaramar hukumar Illela, daf da iyakar Nijar. Dokin da aka saba gani daga wannan yanki har Birnin Ƙonni shi ne ɗan Arewa: gajere, mai siraran ƙafafu, da jinin dawakin Arewacin Afirka a jikinsa. Rana ba ta karya shi, harawa da dusa da ɗan gero da kanwa sun riƙe shi. To amma duk wanda ya kalli gasar diresaj, wato rawar dawaki, a waya, ya ga ƙattin dawakin Jamus da Holan suna taku ɗai-ɗai, zai iya cewa wannan fage ba na namu ba ne.

Diresaj ya shiga wasannin Olamfik a 1912. Ana yin sa a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, alƙalai na ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Ba a tsere. Ana duba tafiya da sassarfa da sukuwa, da takawa ta gefe, da juyawa a kan ƙafafun baya, duk ba tare da an ga mahayi yana kokawa da dokinsa ba. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ware rukuni daban ga dawakin da tsayinsu bai wuce santimita 148 ba, namu kuwa ba su yi nisa da wannan awo ba. Fararen dawakin Lipiza na shahararriyar makarantar hawa ta birnin Biyana ma da kaɗan suka haura mita ɗaya da rabi.

Abin da horon ke nema shi ne doki ya mayar da nauyinsa baya, gabansa ya yi sauƙi. Wanda ya taɓa ganin jahi a hawan salla ya san ɗan Arewa na da wannan: ya taho a sukwane, ya cusa ƙafafun baya ƙarƙashin ciki, ya yi zamiya a gaban sarki.

Matsalar ita ce da me aka tsayar da shi. Linzamin gargajiya yana da ƙarfen da ke dannar ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa. Fizga ɗaya, doki ya ɗaga kai, ya wage baki, wani lokaci kumfar ta fito da ja. A diresaj wage baki rage maki ne, jini kuwa kora ce daga fili nan take. Dokin da ya tashi yana tsoron hannun mahayi sai an sake masa karatu daga farko, da linzami mai taushi. Ga kuma gaggawa: sau da yawa ana ɗora sirdi tun doki bai gama ƙosawa ba, alhali babban matakin gasar ba ya karɓar wanda bai kai shekara 8 ba.

Gaskiya ɗan Arewa ba shi da dogon takun da ke kwashe maki a Olamfik, kuma horo ba zai ƙara masa tsawon ƙafa ba. Amma matakan farko da na tsakiya ba su fi ƙarfinsa ba. Mai doki a Tozai da ke son gwadawa, ya fara da sauya linzami.