Gonar da ake shuka cuta don a sami iri mai ƙarfi

Masu karatu, yau za mu kai ku ƙasar Amurka, mu ga yadda wata gona mai cuta ta ceci manoma masu yawa.

A jahar Dakota ta Arewa ana noman wani tsiro mai suna lilin. Ba mu noma shi a nan Nijar. Furensa shuɗi ne. Karansa na ba da zare kamar rama, ƴaƴansa kuma na ba da mai kamar riɗi. Da man ake haɗa fenti.

Shekaru fiye da ɗari da suka wuce, manoman lilin sun shiga wahala. In sun shuka shi a sabuwar gona, sai ya yi kyau. Bayan ƴan shekaru, sai tsiron ya riƙa yaushi yana mutuwa, ko da ƙasa na da laima. Suka ce lilin ne ke gajiyar da ƙasa. Suka dinga barin gonakinsu suna neman sabon fili.

A garin Fargo akwai makarantar koyon aikin gona. Wani malaminta, Henry Bolley, bai yarda da maganar gajiyar ƙasa ba. A shekarar 1901 ya nuna cewa wata cuta ce dangin fumfuna. Tana zaune cikin ƙasa shekara da shekaru. Ta saiwa take shiga, ta toshe hanyar ruwa, tsiro ya mutu da ƙishirwa.

Makarantar na da wata ƴar gona mai lamba 30, wadda aka fara shuka lilin a cikinta kowace shekara tun 1894. Cuta ta cika ta. A nan Bolley ya yi ta shuka iri daban-daban. Kusan duka suka mutu, amma kaɗan suka tsira. Ya tara ƴaƴan waɗanda suka tsira, ya sake shuka su a wuri guda. Haka ya yi ta yi, damana bayan damana, har ya sami irin da cutar ba ta kashewa. Aka raba wa manoma, noman lilin ya farfaɗo.

Amma aiki bai ƙare ba. Wani iri mai suna Bison, wanda ke jure cutar yaushi, ya bazu ko'ina. Sai wata cuta ta dabam ta faɗa masa, mai sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja kamar tsatsa. Iska ce ke yaɗa ta. Wajen 1940 ta yi ɓarna ƙwarai, don gonaki da yawa iri ɗaya ne a cikinsu.

Wani masani, Harold Flor, ya yi shekaru yana binciken wannan tsatsa a Fargo. Zuwa 1956 ya bayyana yadda abin yake. Kariyar da tsiro ya gada daga iyayensa kamar mai gadi ce wanda ya san fuskar ɓarawo. In cuta ta sake kama, mai gadi ba ya gane ta, sai ta shige. Saboda haka masu gyaran iri ke barbarar iri da iri, su tara kariya fiye da ɗaya cikin tsiro guda.

Wannan ilimi ya wuce kan lilin. A ƙasarmu, ma'aikatan INRAN na Tarna kusa da Maraɗi, da na ICRISAT na Sadore kusa da Yamai, suna gwada irin hatsi don su ware masu jure cuta.

Mu ma muna da namu aiki. Mu zaɓi iri tun hatsi na tsaye a gona, kafin girbi. Mu ɗauki zangarniya mai lafiya, mu guji wadda burtuntuna ta taɓa. Tsiron da ya kamu, mu cire shi mu ƙone. Kada mu dogara ga iri ɗaya tak a dukan gonakinmu. In mun ga cutar da ba mu sani ba, mu kai wa malamin gona ya duba.

Allah ya ba mu damana mai albarka.