Sarrafa muryoyin bincike: a cikin gida ko raba ƙafa?

Kusan duk mai nazarin harshe a ƙasarmu yana da kwali cike da kaset. Wasu an ɗauke su a Adar, wasu a Gobir ko Damagaram, kuma da yawa cikin tsofaffin da suka yi magana a ciki sun rasu. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, saboda haka juye shi cikin inji mai ƙwaƙwalwa ya zama dole. Abin da ya rage a yanke shi ne wurin da za a yi aikin. Ko dai sashe ya yi komi da injinansa, ko kuma ya raba ƙafa: rabin aiki a gida, rabi a manyan injinan haya na waje, ta hanyar intanet.

Mu fara da nauyi. Ƙungiyar IASA, mai kula da taskokin sauti na duniya, ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da 48 kHz da bit 24. A wannan ma'auni, awa guda a layi biyu tana cin kusan giga 1. A ce muna da awa 500: faifan ajiya guda ya ishe su. Yanka sauti da rubuta magana da ELAN ko Praat su ma ba su bukatar intanet. Har nan, gida ya fi sauƙi.

Raunin gida wuta ne. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, bai dawo ba sai a 2024. Faifai guda a ɗaki guda kuwa, gobara ko ɓarawo sun isa su shafe aikin shekara talatin. Don haka ajiye kwafi na biyu a nesa abu ne mai kyau.

Inda nake jan hankali shi ne rubuta magana da inji. Tsarin Whisper, wanda ya fito a 2022, ya sa Hausa cikin harsunansa. Amma irin waɗannan injina sun fi sabawa da daidaitacciyar Hausa, kuma ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali. Idan Ba'adare ya ce «shina hwaɗi», ana iya samun «yana faɗi» a rubuce. Ga ɗan jarida wannan gyara ne. A wurinmu kuwa abin da muka je nema ne aka goge. Ɗalibin da bai saurari kaset da kunnensa ba, ba zai ma san an yi ɓarna ba.

Sai amana. Tsohuwar da ta yi mana bayanin bori, ko bokan da ya faɗi sirrin magani, mu suka yarda da mu, ba wani kamfani ba. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, alkawarin da aka yi a zaure yana nan.

A ganina, a duba kowace kaset daban. Kwafin asali ya zauna gida a faifai biyu, cikin gini biyu. Tatsuniyoyi da hirar kasuwa, in masu su sun amince, ana iya aika su waje, sannan mai jin karin harshen ya bi rubutun layi-layi. Waɗanda aka ɗauka bisa sharaɗin sirri, a rubuta haka a bayan kwalinsu, kada su hau intanet.