Akwatin wifi zauren gida ne, kada mu bar shi ba mai gadi

A yau da wuya mutum ya zagaya babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, bai ga ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitila a kusurwar wani shago ba. Da shi Alhaji ke duba hotunan kaya daga Dubai ko Sin kafin ya biya, da shi Hajiya ke tallar atamfa da turare a WhatsApp. Da yawanmu mun sayo shi, yaro ya haɗa mana, muka ga rezo ya kawo, shi ke nan. Ba mu taɓa tambayar wace ƙofa ke buɗe a cikinsa ba, alhali ta nan cinikinmu da sirrinmu ke bi.

Kowace na'ura da ke hulɗa da intanet sai da lambar adireshi. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 yana da lambobi kimanin miliyar 4 da miliyan 300 ne kawai, ba su ishi duniya ba. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta ga yankuna biyar na duniya, ciki har da AFRINIC ta Afirka mai mazauni a tsibirin Moris. Amma tun 1994 masana suka fito da dabarar da ake kira NAT, watau sauya adireshi.

Abin kamar babban gida ne mai akwatin wasiƙa guda a gidan waya. A cikin gida kowane talho da kwamfuta na da lambar ɗakinsa, wadda galibi ke farawa da 192.168, amma a waje lamba guda aka sani. In talhon Hajiya ya aika saƙo, akwatin zai cire lambar ɗaki ya sa ta gida, ya rubuta a littafinsa. Idan amsa ta dawo sai ya duba littafin ya miƙa wa mai ita.

Ban da wannan akwai katangar tsaro, wadda a allon akwatin ake rubutawa Pare-feu. Ita ce mai gadin zaure, dokarta kuwa guda ce: mai fita ya fita, amsarsa ta shigo, baƙon da ba wanda ya kira shi ya tsaya waje. Muhimmancinta ya ƙaru da zuwan sabon tsari na IPv6, inda kowace na'ura kan samu tata lambar da ake iya gani daga waje.

To ina ɓarakar take? Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Adireshi guda yana da ƙofofi 65,535. Ɗan kasuwa ya sa kyamara a shago ko a sito, yana son ya riƙa ganin kayansa ko yana Kano ko yana Makka. Wani mai haɗawar sai ya buɗe ƙofa guda daga waje kai tsaye zuwa kyamarar, ya bar kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, sau da yawa admin ko 12345. Ɓarayin intanet ba sa buƙatar sanin sunanmu, na'urorinsu ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna taɓa ƙofofi. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, da kalmomin sirri kimanin 60 kawai irin na masana'anta, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatuna a duniya, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka tsayar da manyan shafuka kamar Twitter da Netflix a Amurka. Wanda ya shiga kyamararmu kuwa ya san lokacin da muke ƙirga kuɗi, da inda muke ajiye su, da lokacin da muke rufe shago.

Gyaran bai fi zaman shayi guda ba. A juya akwatin a duba takardar da ke liƙe a ƙarƙashinsa, za a ga adireshin shiga, kamar 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Mu sani makullai biyu ne: kodin wifi da muke ba mutane, da kalmar sirrin mai gida wadda da ita ake canza tsarin akwatin. Ta biyun ce aka fi mantawa, ita za a fara canzawa, a sa mai tsawo, ba lambar talho ko sunan ɗa ba. Sannan a tabbata Pare-feu na kunne. A kashe UPnP, domin shi ke ba na'urori damar buɗe ƙofa da kansu ba da saninmu ba. A kashe WPS da sarrafa akwatin daga nesa. Makullin wifi ya zama WPA2 ko WPA3, tsohon WEP ya daɗe da karyewa. Abokan ciniki da maƙwabta a buɗe musu wifin baƙi, wanda bai isa ga kyamara da kwamfutar lissafi ba. In akwatin ya nemi sabunta manhajarsa, a bar shi ya yi.

Mai haɗa mana kyamara kuwa, kafin a sallame shi ya nuna mana ƙofar da ya buɗe da dalilinta, mu canza kalmar sirri bayan tafiyarsa. Haka nan in yaron shago ya bar aiki. Idan kuma aka danna ɗan maɓallin nan na baya da ke mayar da akwatin sabo, duk gyaran ya goge, sai an sake.

Sai dai mai gadi ba ya hana baƙon da mai gida ya kira da kansa. Wanda ya danna saƙon ƙarya na cin kyauta, ko ya karanta wa mai kira kodin asusun kuɗinsa na talho, shi ya buɗe ƙofa da hannunsa.

Mu da ba mu kwana sai mun ja kwaɗon shago sau biyu, bai kamata mu bar wannan zaure a wangale ba. Allah ya kare mana dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka.