Dogon Bututu da Gajere: Yadda Injin Mota Ke Sauya Numfashi

Galibin masu mota a ƙasar nan fetur kaɗai suke lissafawa, musamman tun da aka janye tallafinsa a watan Mayun 2023. Sai dai kafin inji ya ƙone kilo ɗaya na fetur ƙurmus, sai ya shaƙi iska kimanin kilo 14.7. Shi ya sa nake yawan faɗa wa ɗalibaina cewa ƙarfin inji a numfashinsa yake.

Iskar tana isa silinda ne ta bututan da kanikawa ke kira manifol. Duk lokacin da bawul ɗin shigar iska ya rufe, iskar da ta taho a guje sai ta yi karo da shi. Matsin da ya taru sai ya koma baya da saurin sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, ya kai ƙarshen bututun ya dawo, tamkar amsa-kuwwa. In dawowarsa ta tarar da bawul a buɗe, sai ya cusa wa silinda ƙarin iska kyauta.

Wuyar aikin ita ce dacewar lokaci. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul na buɗewa sau 25 a daƙiƙa. A juyi 6,000 kuwa, sau 50. Saboda haka dogon bututu ne ke dacewa da inji mai juyi a hankali, gajere kuma da mai gudu, kamar yadda kakaki ke da babbar murya, sarewa kuma siririya. Bututu mai tsawo ɗaya ba zai gamsar da hali biyun ba.

Dabarar injiniyoyi ita ce sanya ɗan ƙyaure a cikin manifol, wanda kwamfutar mota ke buɗewa ko rufewa don sauya tsawon hanyar iska. Toyota na kiran nata tsarin ACIS, BMW kuma DISA. Motar Mazda 787B da ta lashe tseren Le Mans a Faransa a 1991, bututanta miƙewa suke yi suna tsukewa yayin da take gudu.

Abin da ke damuna shi ne makomar wannan hikima a garejojinmu. Motocin da muke saye sun sha aiki a ƙetare. Zafi kan tsattsaga siririn tiyon da ke jan ƙyauren, gurɓataccen mai da ƙura su sandarar da shi. Wani bakaniken sai ya ɗaure shi da waya, ko ya toshe tiyon, ya ce ba shi da amfani. Mota za ta tashi, amma ta rasa ƙarfi ko dai wajen ɗagawa ko wajen gudu, direba ya yi ta taka totur yana zargin gidan mai.

Ban ɗora wa kanikawa laifin duka ba, domin sun koyi sana'ar ne da hannu, ba wanda ya bayyana musu dalilin ƙirar. Nauyin yana kanmu malaman jami'o'i da kwalejojin fasaha, mu kai musu wannan ilimi cikin harshen da suke ji. Shi kuma mai mota, kafin a cire wani abu daga injinsa, ya tambaya: mene ne aikinsa?